Babi na Biyar: Wa Zai Saurari Yaro Yana Karatu?

"Yaron nan yana aji huɗu. Kullum sai ya saɓa jaka ya tafi makaranta, littafinsa cike da rubutu har bango. To me ya sa in na miƙa masa takardar asibiti ya karanta mini sai ya tsaya yana sosa ƙeya?"

Da wuya ka zauna a majalisar unguwa ko gidan suna ba ka ji irin wannan tambaya ba. Wani ya ɗora laifin a kan malamai, wani a kan gwamnati, wani kuma ya yanke hukunci cewa yaron ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini ciwo, domin yaron da ya haddace izu biyu, ya san canjin kowane ciniki a shagon babansa, ya iya waƙar talla daga farko har ƙarshe, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Kuma matsalar ba ta gidan mutum ɗaya ba ce. A ƙiyasin da Bankin Duniya ya fitar a 2022, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

Akwai wata tambayar da ba a cika haɗa ta da waccan ba. A garuruwan da waɗannan yara suke, Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yola da Damagaram, akwai jami'o'i da kwalejoji cike da dubban matasa da suka iya karatu, wani lokacin ma katanga ce kawai tsakaninsu da makarantar firamare. Shin akwai abin da za su iya yi wa ƙannensu, ko kuwa sai sun gama sun karɓi takarda?

Abin da ya ɓace a aji

Bari mu yi ɗan lissafi. Malama ɗaya, yara 80, darasi na minti 40. Ko da ba ta kira suna ba, ba ta raba faɗa ba, ba ta rubuta komai a allo ba, kowane yaro rabin minti zai samu. Don haka sai ta yi abin da kowa zai yi a matsayinta: ta rubuta jimla a allo, ta karanta da ƙarfi, aji ya amsa baki ɗaya. Daga waje sai ka ji makaranta ta ɗauki harama. Amma ka leƙa layin baya ka duba idanun yaran. Wasu ba allon suke kallo ba, bakin na kusa da su suke bi. Suna amshi ne, kamar yadda ake amsa waƙa. In aka ce a kwafa, sai su zana haruffan yadda mai zanen hula yake bin layin da aka shata masa, littafi ya cika, uba ya gani ya ji daɗi. Shekara ta ƙare a ciyar da su gaba.

Koyon karatu kamar koyon keke ne. Ba a koyonsa daga kallo, kuma ba a koya wa mutum 80 a lokaci guda. Sai an sami wanda zai riƙe sirdin, ya bi ka a guje, ya ga inda kake karkata. Yaro yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi, ya sa kunne ya ji shi kaɗai yana haɗa baƙi da wasali, ya gane cewa wannan "b" da "d" ne suke rikita shi, wancan kuma ya san haruffa amma bai san ana haɗa su su zama gaɓa ba.

Mu ba baƙin wannan dabara ba ne. A makarantar allo alaramma ba ya bin ƙolo ɗari ɗaya bayan ɗaya. Gardawa ne suke biya wa ƙanana. Kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, kuma ba a ba shi izinin wanke allo sai an saurare shi an tabbatar ya riƙe. Gardi bai kai alaramma ba, amma ya fi ƙolo, kuma yana da lokacin da alaramma ba shi da shi. Makarantar boko ta zo da benci da ƙararrawa da jadawali, sai ta manta da gardi. Wannan gurbin nake ganin ɗalibin jami'a zai iya cikewa.

Abin da aka gwada a Yola

Ba zato nake yi ba, an gwada. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta sanya aikin raya al'umma cikin darussan da ɗalibi zai ɗauka kafin ya kammala. A zamanin shugabancin Margee Ensign aka gudanar da wani shiri mai suna STELLAR, wanda ya tsaya a kan harshe da karatu da rubutu da lissafi. Ɗaliban jami'ar suna fita zuwa makarantun firamare na gwamnati su zauna da yara rukuni-rukuni suna koya musu, wasu kuma suna rubuta ƙananan littattafan yara, domin sun tarar ko an koya wa yaro haruffa babu abin da zai karanta.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne an mayar da aikin darasi mai maki. Ɗalibi ba ya zuwa don ya ga dama yau, gobe ya ce yana da uzuri. Akwai malamin jami'a da ke bibiya, akwai ranar zuwa, akwai abin da za a koyar.

Sai kuma rikici ya zo ya gwada su. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014, jama'a suka kwararo Yola da yara birjik waɗanda makarantunsu suka watse. Jami'ar ta faɗaɗa aikin: aka yi shirin ciyarwa da koyarwa ga almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, aka kuma yi wani shirin mai suna TELA da tallafin hukumar USAID, inda ake watsa darasi ta rediyo, yara suna zaune a cibiyoyi cikin unguwanni tare da mai kula da su. Kimanin yara dubu 22 shirin ya kai gare su. Rediyo ita ke ba da darasin, amma sai da aka ajiye mutum a gaban yaran, saboda rediyo ba ta jin amsar yaro.

Na san abin da mai karatu zai ce: waccan jami'ar masu hali ce, tana da motoci da masu ba da tallafi. Gaskiya ne. Sai dai abin da yaro ya amfana da shi ba motar ba ce, zaman da aka yi da shi ne, kuma wannan ba ya fi ƙarfin kowace jami'a ko kwalejin ilimi.

A fara daga inda yaro ya tsaya

Kuskuren farko da ɗalibin jami'a yake yi in ya shiga firamare shi ne ya kwaikwayi lakcara. Ya tsaya gaban allo, ya ɗauko littafin aji huɗu saboda yaran 'yan aji huɗu ne, ya yi ta zuba Turanci. Yara su yi tsit suna sha'awar takalminsa.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham, wadda aka kafa a Mumbai a 1995, ta daɗe da gano maganin wannan. Kafin a koya wa yaro komai sai a zauna da shi na 'yan mintoci da takarda ɗaya: ga haruffa, ga kalmomi, ga gajeren sakin layi, ga labari. Inda ya tsaya nan ne matakinsa, ko da kuwa yana aji biyar. Sai a haɗa shi da masu irin matakinsa. Waɗanda suka fara yi wa ƙungiyar wannan aiki ma ba malamai ba ne, 'yan matan unguwa ne da suka gama sakandare aka ba su horo na ɗan lokaci. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna aikin, suka kuma tarar yaran da aka bari a baya su suka fi cin moriyarsa. An kawo wannan tsari Najeriya, an yi aiki da shi a Barno da Kano. Ni dai da na fara jin bayaninsa, allo da gardi ne suka faɗo mini a rai.

Sai maganar harshe. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma iyaye da yawa suna ganin in ba Turanci aka fara da shi ba an cuci ɗansu. Ina fahimtar tsoronsu, domin jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema. Amma a duba nauyin da ake ɗora wa yaro: a lokaci ɗaya ya gano sirrin cewa zane a takarda yana wakiltar sauti, kuma ya yi hakan da harshen da bai taɓa yin mafarki da shi ba. Rubutun Hausa kuwa mai sauƙin kai ne. Wasula biyar, abin da ka gani shi za ka furta. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya kama ka, ke, ki, ko, ku, ya riga ya iya karanta baki da boka da kabu-kabu da kansa. Iyayenmu da "Ka Koyi Karatu" da "Ka Ƙara Karatu" suka fara, kuma ba su kasa Turanci ba daga baya. Wanda ya iya keke ba ya sake koyon daidaita jiki in ya hau babur. A wuri irin Yola kuwa, inda yaro zai tashi da Fulatanci ko wani harshen a gida ya tsinci Hausa a titi, ɗalibin da ke jin harshen gidan yaron ya fi kowa amfani, ko da ba shi ne gwanin ajinsu a jami'a ba.

Na taɓa zama a gefe ina kallon wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna tana yi da yara biyar a kan tabarma, ƙarƙashin darbejiya, bayan an tashi makaranta. Kayan aikinta kwalin taliya ne da ta yayyanka ta rubuta gaɓoɓi a kai. Ta ajiye "ba" da "ki", wata yarinya 'yar aji uku ta ja su ta haɗa, ta ce baki. Ta ɗauke "ki" ta ajiye "ƙi". Yarinyar ta sake cewa baki.

"Duba da kyau, ƙanwata. Me kika gani a kansa?"

"Anti, ya lanƙwashe."

"To in ya lanƙwashe, daga can cikin maƙogwaro yake fitowa. Me ake kiran mutanen da suka zo gidanku daga wani gari?"

Yarinyar ta yi shiru tana kallon kwalin, leɓenta yana motsi. Can sai ta ɗago da sauri: "Baƙi! Anti, ashe ƙugiyar nan ce take mayar da baki baƙi!" Sauran suka fashe da dariya, suka shiga rige-rigen kawo nasu, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Shekara uku yarinyar nan tana ganin wannan ƙugiya a allo, tana kwafe ta a littafi. Abin bai ɗauki minti biyar ba, amma sai da aka sami wadda ta ji kuskuren da kunnenta.

Waƙa da zane ba ɓata lokaci ba ne

Akwai iyayen da in suka ji yara suna tafi da waƙa a makaranta sai ransu ya ɓaci, su ce an tura yaro karatu ana sa shi shiririta. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin ina ganin an yi wa fasaha mummunar fahimta.

Kafin yaro ya karanta kalma da ido, sai ya iya jin gaɓoɓinta da kunne. Yarinyar da ke gaɗa a dandali tana tafa hannu a kan kowace gaɓa, wato tana yanka magana gunduwa-gunduwa ba tare da ta sani ba. Yaran da suka iya zaurance, masu cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa don kada manya su gane zancensu, sun riga sun yi rabin aikin da malamin karatu yake fama a kai. Abin da ya rage a nuna musu cewa kowace gunduwa tana da kamanninta a takarda. Ka-cici-ka-cici yana koyar da sauraro da hasashe. Tatsuniya kuwa tana koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, cewa in Gizo ya ƙulla wani abu to akwai abin da zai biyo baya. Wannan ita ce fahimtar da ake nema a jarrabawa, sunanta kawai aka sauya.

Ga yadda ɗalibi mai basira yake ɗinke su. Ya ce wa yara su ba shi tatsuniyar da kakarsu ta yi musu. Suna faɗa yana rubutawa da manyan haruffa, da kalmominsu, ba ya gyara musu zance. Sannan ya karanta musu abin da suka faɗa yana bin sa da yatsa. Yaro ya ga maganar bakinsa ta zauna a takarda, kuma gobe in aka dawo tana nan yadda ya bar ta. Sai a raba shafuka, wannan ya zana Gizo, wannan Ƙoƙi, wancan kura da ɗan akuya. A ɗinke da zare da allura. Littafi ya samu, kuma babu yaron da zai ƙi karanta littafin da zanensa yake ciki. Mako na gaba a mayar da shi wasan kwaikwayo, mai fitowa a matsayin sarki dole ya karanta abin da zai faɗa. Yaran da suke shirya tashe da kansu kowane azumi ba sai an koya musu kwaikwayo ba.

Hannun da ya saba murza laka ya yi shanu, ya fere karan dawa ya ƙera mota, ya fi saurin mallakar fensir. Kuma wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar karatu ya san tun can ba mu raba rubutu da ado ba.

A wannan fagen ɗaliban jami'a sun fi dacewa da kowa. Akwai masu karatun Hausa da adabi, akwai masu zane, ga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sunansa ya daɗe da zagaya duniya, akwai masu wasan kwaikwayo da aikin jarida. Kuma ba su yi nisa da yarinta ba. Ba sa jin nauyin durƙusawa a ƙasa su yi kukan kura.

Inda abin yake lalacewa

Na ga irin wannan aiki ya mutu a hannunmu, kuma har yau abin yana damuna. Wata ƙungiyar ɗalibai da na taimaka wa ta fara zuwa wata firamare da zafinta. Makon farko mutum 30, da riguna iri ɗaya, aka ɗauki hotuna. Mako na huɗu mutum 6. Da jarrabawar zango ta matso, babu kowa. Ranar da na koma makarantar don wani dalili, wani yaro ya biyo ni har bakin ƙofa yana tambaya, "Malam, yaushe su Yaya za su dawo? An ce za a ba ni littafi in na gama kalmomi." Ban sami abin ce masa ba. Yaron da aka saba yi wa alkawari a saɓa, in ka ƙara masa ɗaya ka koya masa cewa karatun ma zancen manya ne da ba ya tabbata. Gara mutum biyar da za su zo sau biyu kowane mako har ƙarshen zango da mutum hamsin na rana ɗaya.

Ba rashin kirki ne ya hana su zuwa ba. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya fi ƙarfin ɗalibin da ke lissafin garin kwaki. Amurka ma da arzikinta ba ta dogara da kyakkyawar niyya kaɗai ba: a shirin America Reads da gwamnatin Bill Clinton ta fara a 1997, gwamnati ce take biyan ɗaliban jami'a ladan sa'o'in da suka yi suna koya wa yara karatu, cikin tsarin tallafin da ake ba ɗalibai masu aiki suna karatu. Mu in ba za a iya biya ba, a ba da kuɗin mota da maki, a kuma zaɓi makarantar da za a iya takawa da ƙafa. Sai yajin aiki, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata 8. Shirin da aka gina a kan ɗaliban da gidajensu suke cikin garin shi ne zai tsira daga wannan.

Wata matsalar daga makarantar take fitowa. Hedimasta mai ƙarancin malamai yana ganin matasa sun shigo sai ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya danƙa wa kowannensu aji guda da alli. Masu zuwa koyarwar gwaji daga kwalejojin ilimi da 'yan bautar ƙasa sun san wannan sarai. Da zarar an yi haka an koma gidan jiya, mutum ɗaya da yara 80, sai dai wannan karon mutumin ko horon malanta ba shi da shi. Ɗalibi ba madadin malama ba ne, kuma in ya shigo yana ɗaga kai kamar ya zo gyara abin da ta ɓata, ranar da ya tafi za ta share duk abin da ya kafa. Ita ta san wane yaro ne maraya, wace yarinya ce take zuwa bayan ta gama talla. A gaishe ta, a tambaye ta, a nuna mata sakamakon gwajin, ita ta zaɓi yaran da za a ba shi.

Amanar yara kuma ba abin wasa ba ce. A yi zaman a fili inda kowa yake gani, da sanin iyaye da mai unguwa da kwamitin makaranta, kada a bar baligi shi kaɗai da yaro a ɗaki. A wurare da yawa uwa ba za ta bar 'yarta ta tsaya bayan an tashi ba sai ta san mace ce za ta koya mata, don haka shirin da ba shi da ɗalibai mata ya bar rabin yaran a waje tun kafin ya fara.

Shi ma ɗalibin yana komawa da guzuri

Wanda ya yi zango guda yana fama da yaro ɗaya har ya ga ranar da ya karanta jimla da kansa, ba zai sake jin alƙaluman ilimi a rediyo kamar da ba. Cikin waɗannan matasa ne za a sami kwamishinoni da 'yan majalisa da masu tsara kasafin kuɗi, kuma kusan dukkansu za su zama iyaye. Ita ma yarinyar da ke kan tabarma ta ga wata mai irin mayafinta, mai irin Hausarta, wadda aka ce tana jami'a. Ɗalibar nan ta gaya mini cewa tambayar da yaran suka fi yi mata ba ta karatu ba ce. Suna so su san ko a can ma ana duka, kuma ko babanta ne ya bar ta ta je.

To a ce komai ya tafi daidai, yarinyar ta haɗa baki da baƙi, ta wuce kalma ta shiga jimla. Ta koma gida da ƙishin karatu, ta duba ɗaki ba ta ga komai ba sai kalanda da kwalin magani. A shekarun 1930 an taɓa fuskantar irin wannan, shi ya sa aka shirya gasar da ta haifar da "Ruwan Bagaja", daga baya Abubakar Imam ya rubuta "Magana Jari Ce". Babi na gaba zai duba littattafan yara na Hausa a yau: su wa suke rubuta su, me ya sa ba sa isa hannun yara, da abin da uwa za ta iya yi a tsakar gida ko da ita kanta ba ta yi boko ba.